Turken Iya Hureira

Iya Hureira ta ƙarar da ƙuruciyarta da ƙarfinta a kan turka, amma ba ta taɓa sa naman dabbar da ta kiwata a bakinta ba. Duk wanda ya zauna da ita ya san wannan magana, don ita ba mai ɓoye abin da ke cin ranta ba ce. Turka kuwa, ga wanda bai tashi a cikinta ba, ita ce a samo ramammen sa a ɗaure shi a turke a bayan ɗaki, a hana shi yawo, a yi ta tura masa harawa da dusa da ruwan kanwa har ya cika ya batse. Aiki ne na mai haƙuri, kuma a ƙauyensu da ke gabas da Wudil ba a yi macen da ta kai ta iya shi ba.

Mijinta, Malam Datti, shi ke sayowa, shi ke sayarwa. Abin da ke tsakani kuwa nata ne: kwasar kashi, jiƙa dusa, cire kaska, dafa ruwa idan sanyi ya kama dabba. Ranar Juma'a ake cin kasuwar Wudil, don haka ranar Juma'a ake raba ta da su. Malam zai kama igiya da sassafe ya fita, da yamma ya dawo da turmin atamfa da wani sabon ramamme, ƙashin haƙarƙari zalla, a ɗaura mata. In Babbar Sallah ta zo sai ya shiga watanda da maƙwabta, a kawo musu kaso daga saniyar da ba ta san hannun da ya kiwata ta ba. Tana soyawa tana kushewa: wannan ba a ba ta kanwa ba, wannan da yunwa ta mutu, wannan kitsen na ruwa ne.

Malam Datti ba mugu ba ne, kar a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne dai da bai taɓa kawowa a ransa cewa mai kiwo ma tana da kwaɗayi ba. Ta taɓa yi masa maganar a bar mata ɗaya a yanka a ƙofar gida, ta raba da hannunta. Ya yi dariya ya ce, "Sa guda, Hureira? Baɗi, in Allah ya kai mu." Baɗin ta yi ta zuwa tana wucewa har aka kai shi makwancinsa.

Akwai kuma waɗanda ko kasuwar ba su kai ba. Wata damina wani jan sa ya shaƙe da igiya da rana tsaka, maza duk suna gona. Ta fita ba mayafi tana buga ƙofofi tana neman namiji, ko yaro ne, ya zo ya sa wuƙa. Kafin a samo wani, san ya zama mushe. Wuƙa na rataye a ɗakin Malam, amma ko kallon ta ba ta yi ba. Mace ba ta yanka. Haka ta ji daga uwarta, haka uwarta ta ji, kuma ko kaza ce sai a leƙa waje a nemo mai wando.

Bayan rasuwar Malam aka raba gida, babban ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta gidan haya a unguwar Kurna, cikin Kano, inda ko akurkin kaji ba wurin ajiyewa. Tana nan zaune hannu na mata ƙaiƙayi sai autarta, Ummukulthum, ta haihu a Kuala Lumpur, inda ita da mijinta Adnan suke karatu da kuɗin gwamnati. Aka aiko wa Iya ta zo wankan jego. Aka gama wanka, aka ce ta ƙara zama ta riƙe musu yara har Babbar Sallah, lokacin da takardar zamanta za ta ƙare.

A unguwar Cheras suke, a wani dogon bene, can sama inda in ta leƙa ƙasa sai kanta ya juya. Gidan fes, ba ƙura, ba kashin akuya, ba abin da ke kuka sai firji. Jikarta babba, Walida, in ta yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci. Iya ta rame. Ummukulthum ta kai ta asibiti, likita ya auna ko'ina ya ce bai ga komai ba, ita kuwa Iya ta ce ai dama ba inda zai gani ba ne.

Wata Lahadi kafin azumi Adnan ya kwashe su a mota zuwa bayan gari, ta hanyar Hulu Langat, sayen kajin gida a gonar wani dattijo Bamale, ɗan ƙasar, da ake kira Pak Samad. Suna cinikin kaji aka nemi Iya aka rasa. Can bayan rumfa aka same ta a cikin shanu, ta tuɓe takalmi, ta kama leɓen wani ɗan sa tana duba haƙoransa tana yi masa faɗa.

"Auta, zo ki ga abin kunya," in ji ta. "Wai waɗannan su ne shanunsu? Ba tozo, ba ƙaho, ba tsawo. Akuya ce ta samu wuri."

Amma hannunta bai bar bayan dabbar ba. Wani guntu ne ja, dandaƙaƙƙe, mai faɗin ƙirji, haƙarƙarinsa duk a waje. Adnan na tsaye nesa yana kallo. Shi mutum ne mai kunyar suruka, bai cika haɗa ido da ita ba, amma ya sha jin labarin baɗin Malam Datti a bakin matarsa. Suka kama hanyar komawa gida. Sai da aka kwana biyu Ummukulthum ta shigo ɗakin Iya ta zauna a bakin katifa.

"Iya, wai in ji Baban Walida, wannan jan da kika kama, naki ne. Sun gama magana da Pak Samad, zai zauna a can. Ki kiwata shi yadda kike so, ranar layya a yanka da sunanki."

"Da sunan wa?"

"Da sunanki, Iya. Seriously. Ke za ki raba, ba mai sa miki hannu."

Iya ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi albarka." Da Ummukulthum ta fita sai ta rufe ƙofa ta yi kukanta ita kaɗai. Murna ce, amma har da haushin shekarun da suka wuce a ciki.

Guntu ta sa masa suna. Ranar farko ta ce a sassaƙo mata turke. Shanun Pak Samad sake suke, suna yawo a ƙarƙashin itatuwan manja, da yamma a kora su kan siminti. Ita kuwa ta ce dabbar da ke yawo ƙibarta a ƙafa take zubewa. Ta zaɓi wuri a gefen rumfa, inda akwai inuwa da ƙasa, ta sa aka kafa. Pak Samad ya taka ƙasar da dunduniya, ya girgiza kai, ya yi magana.

Adnan ya fassara yana kallon ƙasa: "Wai ƙasar nan taushi gare ta, Iya. Ruwa ya yi mata yawa, ba ta riƙe itace."

"Ni zai koya wa turke? Ka ce masa tun ba a haifi shanunsa ba nake kafawa."

Adnan ya fassara rabi ya haɗiye rabi. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya yi murmushi ya ce, "Boleh, mak cik, boleh." Boleh ɗin nan ce kalmar Malayanci ta farko da ta shiga kan Iya. Auta ta ce mata ma'anarta ya yiwu, an yarda, ba laifi, mak cik kuwa kamar a ce inna. Iya ta ce lallai mutanen nan komai boleh ne a wurinsu.

Wadda ba ta iya leƙa taga ba, sai ga ta ta koyi shiga bas. In yara sun tafi makaranta, jaririya kuma an miƙa ta gidan reno na ƙasan bene, sai ta ɗauki lema da bokitinta ta sauka. Direbobin hanyar suka san ta. Harawa babu, ƙaiƙayi babu, amma ta samo abin da ya maye. Akwai wata dusa mai duhu ta ƙwarar manja da Pak Samad ke sayowa, akwai doguwar ciyawa da ake yankowa a bakin rafi, akwai dusar awara da take karɓowa da ɗuminta a wata kasuwa kusa da gida. Kanwar da ta zo da ita don miya kuwa, gidan Auta bai ƙara ganin ta ba. Guntu ya shanye ta kaf.

Aka yi azumi, aka yi Ƙaramar Sallah, Guntu ya soma sheƙi. Ramin da ke bayan haƙarƙarinsa ya cike, wuyansa ya yi ninki, in ya ji ƙarar bokitinta tun daga titi sai ya kama kuka. Ita ma ta murmure. Ta riga ta gama rabon naman a kanta: cinya ɗaya ta matan 'yan Najeriya da ke benensu, kai da ƙafa na Pak Samad, dambun nama da soye a gwangwani ta tafi da su Kano, hanta kuwa tata ce. Ta ce za ta gasa ta a wurin, da gishiri kawai, ta ci tun tana da sauran haƙoran tauna. Ko wanda zai yi yanka an tsayar, wani abokin Adnan, Malam Munzali, mai karatun fiƙihu a jami'ar Musulunci.

Bayan shingen Pak Samad akwai wani tsoho Basine mai noman kayan lambu, ana ce masa Ankul Lim. Siriri ne, kullum da malafa da dogon takalmin roba. Adnan ya ba ta labarinsa: da can a wata jiha yake, aladu yake kiwo, har shekarar da wata cuta ta ɓulla hukuma ta sa aka kashe aladun yankin gaba ɗaya aka binne da katafila. Tun daga nan bai sake ajiye dabba ba. Iya ba ta ji komai a labarin ba sai kalmar alade. In ya gaishe ta sai ta ɗaga masa hannu daga nesa, in ya miƙo mata ayaba ta kan shinge sai ta nuna masa ƙasa ya ajiye. Shi kuwa ko a jikinsa, gobe ma zai gaishe ta.

Sallah saura 'yan kwanaki Ankul Lim ya tuge wata gonar wake, irin dogon waken nan da suke ci ɗanye, ya tara ganyen zai zubar. Iya na hango tarin sai ta tsaya cak. Harawa! Abin da ta yi wata da watanni tana mafarki, wanda shi ke sa naman sa ya yi zaƙi a ƙarshen turka. Ta manta da ƙyama ta je bakin shinge tana nuni da hannu. Tsohon ya gane, ya yi ta jido ganyen a baro yana zubewa a ɓangarensu.

Ta san ɗanyen ganyen wake guba ne ga cikin dabba in ya yi yawa, wannan ko yarinyar turka ta sani. Sai ya bushe ƙarau ake bayarwa. Ta shanya shi a ƙarƙashin rumfa, nesa da inda igiyar Guntu ke kaiwa. Amma a ƙasar da rana ba ta gama fitowa ba hadari ya taso, me zai bushe? Kullum ta juya shi, kullum yana nan shar da danshinsa.

Ranar Juma'a ta makara, don jaririya ta tashi da zazzaɓi sai da ta ga ya sauka. Ruwa kuwa an kwana ana yi. Ta sauka daga bas rana ta kusa tsaka, ta kaɗa bokiti, ba ta ji kukan Guntu ba. Ta ƙara sauri. A inda turke yake, rami ta tarar cike da ruwa. Turken na can kwance a cikin taɓo da igiyarsa, Guntu kuma na tsaye a tsakiyar harawa, ya ci ya kusa ganin bayanta.

Kallo ɗaya ta yi wa cikinsa ta san abin da ake ciki. Ɓangaren hagu ya taso ya fi ƙashin baya tudu, ta buga da tafin hannu ya amsa kamar ganga. Ta ƙwala wa Pak Samad kira. Gidan a kulle. Matarsa ta yi kwanaki a wurin 'yarsu a wani gari, shi kuma ya saba fita da wuri ranar Juma'a, ya biya kasuwa ya zarce masallaci.

Ba ta tsaya salati kawai ba, ta yi duk abin da ta sani. Ta samo man girki a rumfa ta ɗura masa da kwalba. Ta gindaya masa sanda a baki ta ɗaure don ya yi ta tauna ya yi gyatsa. Ta ja shi ya taka, ta tsayar da shi gabansa a kan tudu, ta yi ta murza cikin da gwiwar hannu tana kiran sunansa. Kumfa kawai ke fita. Cikin na ƙara hawa, numfashi na ƙara gajarta, har ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe ya durƙusa.

Ta ciro waya ta danna Adnan, a kashe. Daga nesa, ta bayan itatuwa, tana jiyo amsa-kuwwar masallaci an fara huɗuba. Ta kira Auta.

"Auta, Guntu zai tafi! Ciki ya kumbura, ya kwanta, ba kowa a gidan!"

"Innalillahi! Iya, calm down, bari in kira Baban Walida. Wayyo, yana masallaci. Ki duba ko akwai wani namiji kusa, please, ko ma'aikaci ne, a yanka shi kafin ya mutu."

Ta fita titi da gudu, tsohuwa da ciwon gwiwa, zani a hannu. Kedai ɗin, wato shagon bakin hanya, a rufe, gidaje shiru. Duk wani namiji mai sallah a wannan yanki yana cikin sahu. Motoci na wucewa tana ɗaga musu hannu, ba wadda ta tsaya. Ta juyo.

Ta tarar da Ankul Lim ya tsallako shinge yana durƙushe a kan Guntu, ya sa hannu a wuyansa. Ya ɗago ya dube ta ya girgiza kai. Sai ya miƙe ya nufi rumfar Pak Samad, inda wuƙar yankan layya ke rataye a cikin kubenta. Iya ta sha gabansa tana ihu, a zatonta shi zai yanka ya ɓata mata nama. Amma tsohon bai zare wuƙar ba. Ya zauna da Musulmi shekara da shekaru, ya san yankansa ba ya ciwuwa a wurinsu. Kuben ya riƙe, ya juyo da ƙotar wajenta ya miƙa mata da hannu biyu.

"Potong, mak cik," in ji shi, yana jan yatsa a maƙogwaronsa. Ya nuna ta, ya nuna Guntu, ya nuna mata alƙibla da haɓa. "Boleh! Boleh!"

Ta ja da baya ta ɓoye hannuwanta a cikin mayafi. Ba rashin sani ba ne. Ta ga yanka ya fi a ƙirga, ta san inda ake sa wuƙa, ta san abin da ake faɗa, ƙarfin hannu kuma tana da shi fiye da malamai da yawa. Guntu ma ga shi a kwance, ko ɗauri ba ya bukata, wuyansa a miƙe. Har ta ji hannunta na dama ya motsa. Sai ta tuna ita mace ce, ta kuma tuna wanda ke ce mata boleh. Mai kiwon alade ne zai gaya mata abin da ya halatta? In ta yanka mushe ne, in ta jira wataƙila Allah ya kawo wani.

"Ba boleh ba," in ji ta, tana kuka. "Ni mace ce. Ba boleh ba!"

Tsohon ya sake miƙowa. Ta juya masa baya ta zauna a cikin taɓo, ta ɗora kan Guntu a cinyarta, tana kallon hanya. Tana jin liman ya tayar da sallah. Kafin a sallame Guntu ya miƙe ƙafafu, ya yi wata shaƙuwa, idonsa ya tsaya.

Pak Samad ne ya fara dawowa a kan babur. Bayansa motar Adnan ta shigo, don yana kunna waya ya ga kiran Auta, ya taho da Malam Munzali da suka yi sallah tare. Suka tsaya a kan gawar suna salati. Ankul Lim na gefe, ya ajiye wuƙar a kan wani kututture.

Iya ba ta tashi ba. Daga zaune ta ba su labari tiryan-tiryan, na turke, na harawa, na man girki. Ba ta ɗora wa kowa ba, ta ce Pak Samad ya faɗa mata ƙasar ba ta riƙo, ita ce ba ta ji ba. Sannan ta nuna tsohon da baki.

"Wannan kuma, don bai san addini ba, wai ni zai miƙa wa wuƙa. Ni, mace. Yana ta ce mini boleh. Na ce gara ya mutu da kansa da in kashe shi da hannuna in ce na yi yanka."

Ta jira a ce mata ta kyauta. Ba wanda ya ce. Malam Munzali ya dubi Adnan, Adnan ya dubi takalminsa. Iya ta yi shekaru tana karanta fuskar dabba, ta mutum ba za ta gagare ta ba.

"Malam, akwai magana a bakinka. Faɗe ta."

"Iya, a bar shi sai hankali ya kwanta. Ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri."

"Na ce ka faɗa."

Malam Munzali ya durƙusa a gabanta, ya rage murya. "Iya, yankan mace Musulma halal ne. Layya kam ba zai zama ba tunda ranar ba ta zo ba. Amma da kin ambaci sunan Allah kin yanka yana da rai, da nama ne mai tsarki, kowa ya ci."

Ta dube shi kamar da Malayanci ya yi maganar. "Kaza kake nufi."

"Har sa, Iya. Har raƙumi."

"Tun yaushe aka halatta?"

"Tun farko, Iya. Al'ada ce kawai ta wajenmu, ba a littafi take ba."

Ba ta yi ihu ba, ba ta kuma ƙara kuka ba. Jan san nan na damina ne ya faɗo mata, da ita tana buga ƙofofi ba mayafi, da wuƙar Malam a rataye. Bayansa wasu suka biyo, tumaki da awaki da kaji, nata da na uwarta da na maƙwabta, duk waɗanda aka ja a ƙafa aka kai juji mata na tsaye suna kallo. Malamai cike da ƙauyensu, mijinta ma almajiri ne mai littattafai a buhu, amma ba wanda ya taɓa ganin ya kamata ya gaya mata. Baƙin cikin da ta ji a lokacin ya fi na mutuwar Guntu, kuma ba ta san wanda za ta kai wa ƙara ba.

Da la'asar Pak Samad ya kira mai katafila. Aka haƙa rami a ƙarƙashin itatuwan manja, aka tura Guntu ciki da ƙibarsa da hantarsa da komai, aka mayar da ƙasa. Ankul Lim ya cire malafa ya riƙe a ƙirji har aka gama. Iya ta lura ba ramin yake kallo ba, gefe yake kallo, sai ta tuna shi ma an taɓa yi masa haka. Da za su shiga mota ta tsaya a gabansa. Ba ta da kalmar da za ta ba shi, sai ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babba, ta wuce.

Ranar Sallah Adnan ya shiga kaso a masallacin unguwa, aka kawo nama a leda. Iya ta wanke ta soya, ta zuba wa kowa. Auta na jira ta ji an kushe, ko an ce ba a ba saniyar kanwa ba. Iya ba ta kushe ba, kuma ba ta ci ba. Bayan kwana kaɗan takardarta ta ƙare, aka raka ta filin jirgi da gwangwanayen da ta tanada, ba komai a cikinsu.

Tana Kurna yanzu, a gidan ɗanta. Gwiwa ta ƙi, ko an ba ta sa ba za ta iya kwasar kashinsa ba, haƙoran tauna kuma sun tafi. Kwanakin baya wata maƙwabciyarsu ta shigo da hantsi da kaza a hannu, kazar na layi, tana tambaya ko akwai namiji a gidan, duk na layin sun fita. Iya na zaune a tabarma. Ta yunƙura ta jawo wuƙar da take gyaran kuɓewa da ita, ta goge a zani.

"Kawo ta nan, 'yar nan. Ni zan yanka miki. Ya halatta, daga bakin malami na ji."

Matar ta rungume kazarta ta ja da baya, tana dariyar jin kunya. "Haba Iya, mushe za ki mayar mini da ita? Bari dai in duba bakin titi."

Ta fita da sauri. Iya ta bi ta da kallo, wuƙa a hannu, har ta daina jin takunta. Sannan ta jawo faifan kuɓewa ta ci gaba da yankawa.